Babi na 5: Turancin Bayan Tashi Daga Aiki

Mutanen Keffi sun daɗe da sanin abin da kan faru idan bakin wani ne yake ɗaukar maganarka ya kai gaba. A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Turawan mulkin mallaka, a ƙofar fadar Sarkin Keffi. Mutanen biyu ba kai tsaye suke magana ba, akwai ɗan tsakani, Audu Timtim, kuma labarai da yawa, na baka da na rubuce, suna ɗora masa kaso mai tsoka na laifin, wai abin da ake ba shi daban, abin da yake isarwa daban. Magaji ya yi hawa ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu, Gwamna Lugga kuwa ya sami hujjar da yake nema. A watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗa hannun Turawa.

Yanzu ba a zare takobi a kan tafinta, amma ana asara. Mai buga bulo a Gangaren Tudu da ya sami kwangilar kai kaya Abuja sai ya jira ɗansa ya dawo daga makaranta kafin ya san abin da ya sa wa hannu. Mai ɗinki tana da kwastomomi a Karu da Nyanya, suna turo mata saƙo ta WhatsApp, tana miƙa wa ƙanwarta wayar, sirrin cinikinta duk yana hannun yarinya 'yar aji uku. Irin waɗannan mutane ne suke zuwa neman ajin Turanci na yamma ko na ƙarshen mako, kuma su ne aka fi cuta, domin ba su da abin auna kayan da ake sayar musu.

Abin mamaki shi ne Keffi ba garin da Turanci ya yi ƙaranci ba ne. Akwai Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969. Bayan an yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, gwamnatin Abdullahi Adamu ta kafa jami'ar jiha a garin, ta fara aiki a 2002, ɗalibai suka cika Angwan Lambu da kewayenta daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Abuja a nisan kilomita kusan 50. Duk da haka Bahaushe yana iya haihuwa ya tsufa a Keffi bai taɓa matsuwa ya haɗa jimla ɗaya ta Turanci ba. Dalili kuwa alheri ne ya yi masa yawa. Bagwandare da ɗan Eggon da ɗan Mada da Gbagyi, kowa ya ga ka fara kame-kame sai ya juya maka zuwa Hausa, har ya fi ka karin magana. Wanda bai ji Hausa ba kuma sai ya sauko zuwa buroka, a gama ciniki lafiya. Bakano yana kukan ba shi da wanda zai yi Turanci da shi. Mutumin Keffi yana da su birjik, su ne dai ba sa barin sa ya wahala. Saboda haka abin da yake saye a aji ba jin Turanci ba ne, wannan kyauta yake samun sa a tasha. Wurin da za a tilasta wa bakinsa aiki yake saye, tare da mutumin da zai tsaya ya gyara masa.

Kafin a kai ga wannan, akwai tambayar da mai cibiya ba zai yi maka ba idan yana ƙishin kuɗi: wane Turancin kake nema? A Kano kasuwar ta rarrabu tuntuni. Mutum kamar Kabiru Musa Jammaje ya yi suna ne a kan koya wa manya magana, har ya kai ga shirya finafinai da Turanci a masana'antar da aka sani da Hausa. A Keffi kuwa jami'a ce take juya kasuwar. Yawancin allunan da za ka gani a bakin titi na masu lesin ɗin jarrabawa ne, WAEC da NECO da JAMB, sai a ƙasan allon a ƙara layi ɗaya da ƙananan haruffa cewa ana koyar da magana. Sau da yawa wannan layin na ƙarshe ba shi da ajinsa, cikin 'yan jarrabawa za a cusa ka.

To, Turancin jarrabawa sana'a ce mai zaman kanta. Takardar WAEC kashi uku ce: tambayoyin zaɓi, sai insha'i da fahimtar nassi da taƙaitawa, sai gwajin furuci. Wannan na ukun shi ne abin dariya, domin a Najeriya a rubuce ake yin sa, baki a rufe. Yaro yana iya cin kiredit, daga C6 zuwa sama, ba tare da wani mai jarrabawa ya taɓa jin muryarsa ba. A JAMB ma tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, duk a kwamfuta. Wanda kiredit ɗin Turanci ya tsare wa hanyar shiga jami'a ko ƙarin girma a ofis, wannan ajin shi ne nasa, kuma abin da zai duba guda ne: sau nawa ake ba da insha'i a mako, wa yake dubawa, kuma da jan biro nawa takardar take dawowa. Ka ce a nuna maka littafin wani ɗalibi. Idan ka tarar da alamar daidai ɗaya ƙatuwa a ƙasan shafi da sa hannun malam, ba a karanta ba ke nan. Malamin da ya karanta zai bar sawu a kowane layi.

Akwai kuma masu yi maka raɗa cewa a wurinsu ba a faɗuwa. Kowa ya san abin da ake nufi da mirakul santa. Ban da haramcin abin, WAEC tana riƙe sakamakon cibiya sukutum idan ta kama ta, har da na wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya tsira kuma yakan shiga jami'a da takardar da bakinsa ba zai iya kare ta ba, ya haɗu da darasin Turanci na dole a shekarar farko, inda babu mai turo amsa.

Ma'aikatan jinya da masu neman karatu a waje nasu daban ne. Su IELTS suke fuskanta, wadda take auna ji da karatu da rubutu da magana, kowanne da makinsa har zuwa 9. A ɓangaren magana mutum zai zauna gaba da gaba da mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14. Hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila tana neman maki 7 a ji da karatu da magana, da 6.5 a rubutu, kuma shekara biyu kawai sakamakon yake amfani. Babu cibiyar lesin da take ba da wannan takarda, sai a wuraren da aka amince da su, kamar na British Council a Abuja. Abin da cibiya za ta iya shi ne shirya ka. Tambaya ɗaya ta wadatar a nan, a yi ta cikin ladabi: "Malam, kai ka taɓa zama jarrabawar? Nawa ka ci?" Kuɗin rajistar ba na wasa ba ne, bai kamata a yi gwaji da shi a hannun wanda shi ma a YouTube ya ga jarrabawar ba.

Sai mutumin da na fi damuwa da shi, wanda bai yi boko ba ko ya bari tun firamare. Sau da yawa ya sauke Alƙur'ani, yana karanta littattafan fiƙihu, yana rubuta lissafin shagonsa da ajami. Kiran wannan mutum jahili rashin kunya ne, ko da yake sunan da aka raɗa wa shirin koyar da manya ke nan tun shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya tana buga musu littattafai. Masu wancan shiri sun gane wani abu da 'yan lesin ɗin yau suka manta: babba yana fara karatun boko ne da harshen da yake mafarki da shi. A koya masa haruffa da Hausa, hannunsa ya faɗa, sannan a tsallaka da shi. Gwamna Abubakar Rimi ya farfaɗo da wannan a Kano a 1980 da hukumar ilimin manya, gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990, jihohi kuma suna da nasu. Kafin irin wannan mutum ya kai kuɗinsa wurin ɗan kasuwa, ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ya tambayi sashen ilimin manya. In kuma cibiyar kuɗi zai shiga, kada ya yarda a zaunar da shi benci ɗaya da yaran da suka gama sakandare. Mako biyu zai yi, yara su yi dariya sau ɗaya, ya daina zuwa, ya ce kansa ne ba ya ja.

Shi ya sa gwajin ranar farko yake da muhimmanci. Cibiyar kirki ba ta karɓar kuɗin wata sai ta zaunar da kai, an yi hira da kai, an ba ka ɗan rubutu ka karanta, an sa ka rubuta layi biyar a kan sana'arka. Wadda ta miƙo maka fom da rasit ta nuna maka ƙofar aji, aji ɗaya gare ta, ko da ta rubuta matakai uku a allo.

Gani ya kori ji. Ka nemi izinin zama darasi ɗaya kafin ka biya, ka zauna a baya da agogo. Na taɓa yin haka a wani aji da ake yi a ɗakin wata firamare mai zaman kanta bayan an tashi yara. Manya ne sun haura talatin, gwiwoyinsu sun tokare ƙananan tebura. Malamin matashi ne, taye a wuya duk da zafin watan Maris, Turanci kuwa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya cika allo da sunayen lokutan aikatau goma sha biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kowanne, ɗalibai suna kwafa. Can ya juyo ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya. Wani dattijo mai jar dara da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Kai, yaron nan akwai Turanci." Na ce, "Baba, ku fa, me kuka faɗa yau?" Ya yi shiru, ya duba littafinsa, ya ce, "To, ai mu saurare muka zo." Har aka tashi mutum uku ne suka furta jimla, ukun kuma dama sun iya.

Lissafin ba shi da wuya. Darasi na minti 90, malam ya cinye rabi, saura 45. Raba wa mutum 40, kowa ya tashi da minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, in ma an yi adalci. Sau uku a mako, wata guda bai ba ka rubu'in awa na magana ba. Malamin da ya san aikinsa yana karya wannan lissafi ta hanyar haɗa mutane bibbiyu ko uku-uku, kowa yana magana lokaci guda, shi kuma yana zagawa yana kasa kunne. Ajinsa yana da hayaniya, mai wucewa zai zaci ba a komai. Za ka ji ana cinikin buhun siminti da Turanci, wata tana bayyana wa likita inda yake mata ciwo, wani yana amsa waya daga ofis a Garki. In ka shiga aji ka ji tsit sai muryar malam, ka gode musu ka fita.

Mu Hausawa muna da rauni a kan dogon Turanci. Wanda ya jero kalmomin da ba mu taɓa ji ba shi muke ɗauka gwani. A wurin koyarwa kuwa gwani shi ne wanda zai iya sauko da harshensa daidai kunnenka, gobe ya ɗaga shi kaɗan. Kuma yana da kyau ya san Hausa, ko aƙalla ya san inda Bahaushe yake tuntuɓe. Harshenmu bai raba p da f ba, ba shi da v, ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma babu wasali a tsakani, shi ya sa muke cusa wasalin da babu shi. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, na Turancin Ingila kuwa sun kai ashirin a furuci. Malamin da ya san wannan zai ware minti goma ya sa ka riƙe takarda a gaban leɓɓanka ka ga wane sauti ne yake kaɗa ta. Wanda bai sani ba zai yi ta maimaita kalmar da ƙarfi, kamar kurma yake yi wa magana. Wasu cibiyoyin suna alfahari da cewa an haramta Hausa a harabarsu, har da tara. Ga wanda ya yi nisa wannan yana da amfani. Ga ɗan fari kuwa ɓata lokaci ne, abin da jimla ɗaya ta Hausa za ta warware sai a yi minti biyar ana nuni da hannu.

Buroka kuma kada a raina ta. Harshe ne mai ƙa'idarsa, shi yake riƙe da kasuwar Mararaba, BBC ma ta buɗe masa sashe a 2017. Wanda ya iya ta ya riga ya mallaki ɗaruruwan kalmomi kuma kunyar buɗe baki ta sake shi. Matsalar ita ce malamin da shi kansa bai san inda iyakar take ba, yana zamewa daga wannan zuwa wancan bai lura ba. A intabiyu ko a wasiƙar neman aiki za a lura.

Wani abin da ya keɓanta da Keffi shi ne daga ina malaman suke fitowa. Sansanin horar da masu bautar ƙasa na jihar a Keffi yake, da sunan Magaji Ɗan Yamusa ma ake kiran sa, ga kuma ɗaliban jami'a masu neman na sabulu. Cibiyoyi da yawa da su suke aiki saboda sauƙin biya. A cikinsu akwai haziƙai ƙwarai, ban ƙi ba. Amma ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya gare shi, ɗalibi kuma ranar da jarrabawarsa ta matso ko aka yi hutu ba za ka gan shi ba. Sabon malam ya zo, ya koma babi na ɗaya. Akwai mutanen da suka yi shekara suna biyan kuɗi, sun koyi gaisuwa da sunayen ranaku sau huɗu. Ka tambayi tsofaffin ɗalibai, ba mai cibiya ba, malamai nawa suka gani tun shigarsu, kuma ko akwai littafi guda da ake bi daga farko zuwa ƙarshe wanda sabon malam zai ɗora daga inda aka tsaya.

Game da allunan da suke alƙawarin Turanci cikin wata uku, akwai ma'aunin da Turawa suka fitar a 2001 wanda ya kasa iya harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2. Masu shirya jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa hawa daga mataki zuwa na gaba yana cin kimanin awa 200 na darasi. In kana zuwa sau uku a mako, awa bibbiyu, awa shida ke nan, wato wajen wata takwas kafin ka hau mataki ɗaya, ba fashi, ba ruwan sama, ba azumi. Wata uku zai iya sa ka gaisa, ka tambayi farashi, ka daina firgita idan waya ta yi ƙara. Wannan ma ba kaɗan ba ne, amma a kira shi da sunansa.

Fashi kuwa dole ne, shi ya sa lokaci da nisa suka fi kyan gini muhimmanci. Wanda yake aiki a Abuja yana kwana a Keffi ya san cunkoson Nyanya da Mararaba ba ya da alƙawari. Ajin ƙarfe biyar na yamma ba nasa ba ne ko da an ba shi kyauta, gara ya nemi na Asabar da Lahadi. Ɗan kasuwa ba zai rufe shago da la'asar ba, nasa sai bayan isha'i, nan kuma sai a duba ko akwai sola ko janareta, domin ba a karatu da fitilar waya. Matan aure sukan fi samun sarari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, kuma da yawa za su fi sakewa a ajin mata zalla, kusa da gida. Wasu makarantun Islamiyya na matan aure suna haɗawa da boko, a fara tambaya a can. Kuɗin acaba ko Keke Napep na zuwa da dawowa a haɗa shi cikin lissafi tun farko, don wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin makarantar. Sannan a ji yadda suke yi da watan Ramadan da ranakun da ruwa ya tsare mutane, ko ana rama darasin ko ya bi ruwa.

Takardar rajistar CAC da ake ratayewa a bango cikin firam shaida ce cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, ba ta ce komai a kan koyarwa ba. Satifiket ɗin da cibiya take bayarwa ranar walima, da hula da riga da mai hoto, babu jami'a ko ofishin jakadancin da zai karɓe shi a madadin WAEC ko IELTS, saboda haka kada a biya ƙarin kuɗi dominsa. A biya wata-wata, a karɓi rasit, ko da an yi tayin ragi ga wanda ya biya na wata shida a dunƙule.

Ranar da za ka fara, ka ɗauki muryarka a waya na minti biyu kana bayanin aikinka da Turanci, duk yadda ya fito, ka ajiye. Bayan mako shida ka sake ɗauka a kan magana guda, ba tare da ka rubuta ka haddace ba. Ka ba wani wanda ya iya kuma ba ya jin nauyinka, ba malaminka ba, ya saurari biyun ba tare da ka gaya masa wanne ne na farko ba. Idan ya kasa bambancewa, alhali ba ka yi fashi ba kuma kana yin aikin gida, kada ka biya wata na uku.